Tambayoyi da amsoshi: yadda Philadelphia Eagles ta sake gina tawagarta bayan cin Super Bowl, da abin da ke jiranta a kakar 2025

A ranar 9 ga Fabrairu, 2025, a birnin New Orleans, Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22, ta ɗaga kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, karo na biyu a tarihinta. Ko wata biyu ba a yi ba sai ga manyan masu tsaronta suna tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ga amsoshin tambayoyin da masu bin gasar NFL suka fi yi game da wannan ƙungiya, bisa yadda abubuwa suke a ƙarshen Yulin 2025, lokacin da 'yan wasa suka shiga sansanin atisaye.

Me zai sa ƙungiyar da ta ci kofi ta bar zaratanta su tafi? Kuɗi ne babu?

Kuɗi kam akwai. Jeffrey Lurie, wanda ya mallaki ƙungiyar tun 1994, ba ya cikin masu maƙo. Doka ce ta ɗaure hannunsa. A NFL akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasa cikin shekara guda, kuma iyakar ɗaya ce ga dukkan ƙungiyoyi 32. A 2025 dala miliyan 279.2 ce, a 2024 kuwa miliyan 255.4. Ana fitar da adadin ne daga kuɗin da gasar ke samu, musamman na talabijin, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2020 wadda za ta kai kakar 2030. Ba wanda aka yarda ya ƙetare ta ko da zai biya tara.

Wanda ya saba da ƙwallon Turai, inda mai aljihu ke tara taurari son ransa, zai ga abin banbarakwai. A nan cin kofi shi ke jawo wa ƙungiya wahala, domin duk wanda ya taka rawa a wasan ƙarshe farashinsa ya tashi, sauran ƙungiyoyi 31 kuma suna tsaye da kuɗi a hannu ranar da aka buɗe kasuwa. A 2025 ranar 12 ga Maris aka buɗe ta, bayan kwana biyu da aka ba wakilan 'yan wasa su fara ciniki.

Su wa suka tafi?

Milton Williams, ɗan layin gaba na tsaro, ya koma New England Patriots a kan dala miliyan 104 na shekara huɗu. Josh Sweat ya tafi Arizona Cardinals a kan miliyan 76.4, shi ma shekara huɗu. Su biyun nan su suka fi hana Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City (wato mai jifan ƙwallo da ke jagorantar kai hari), sakat a Super Bowl: cikin sau shida da aka kayar da shi, Sweat na da biyu da rabi, Williams na da biyu. Darius Slay, mai gadin masu cafe ƙwallo ɗan shekara 34, an sallame shi ya nufi Pittsburgh. C.J. Gardner-Johnson an yi musayarsa zuwa Houston. Isaiah Rodgers ya tafi Minnesota. Brandon Graham ya sanar da ritaya a Maris bayan kaka 15 a ƙungiya ɗaya. Shi ne wanda ya fizge ƙwallo daga hannun Tom Brady, kwatabak ɗin New England, a Super Bowl na Fabrairun 2018, don haka a Filadelfiya ba a kiran sunansa da wasa.

A ɓangaren kai hari babban rashin ɗaya ne, wato Mekhi Becton, wanda ya koma Los Angeles Chargers.

Wane rashi ne zai fi ciwo?

Mutane da yawa za su ce Williams, saboda girman kuɗin. Ban yarda ba. Williams ya yi kyau ƙwarai, amma ya yi wasa ne kusa da Jalen Carter, wanda sau da yawa mutum biyu ake sa wa su tare shi. Wanda ke gefen Carter kullum da mutum ɗaya yake kokawa. Akwai Jordan Davis a wurin, akwai kuma Moro Ojomo, haifaffen Legas da aka ɗauko a zagaye na bakwai na zaɓen 'yan wasan jami'o'i na 2023, wanda ya nuna alamun zai iya cike wannan gurbi. Biyan miliyan 26 a shekara ga mutumin da ba shi ne ginshiƙin layin ba, ba abu ne da ƙungiya mai Carter za ta yi ba, tunda Carter ɗin kansa zai zo neman nasa rabon da zarar kakar 2025 ta ƙare.

Inda abin yake damuna shi ne gefen layin, wurin masu zagayowa su kamo kwatabak. Sweat ya tafi, Graham ya ajiye, Bryce Huff an miƙa shi San Francisco. Saura Nolan Smith, wanda ya kayar da kwatabak sau huɗu a wasannin sili-ɗaya-ƙwale na kakar 2024, da Jalyx Hunt, yaron da aka ɗauko daga ƙaramar jami'a a 2024. An ƙara Azeez Ojulari da Josh Uche a kan kwantiragin shekara ɗaya, amma Ojulari ya daɗe yana fama da rauni a New York Giants. Tsarin Vic Fangio, kocin tsaro, ya dogara ne a kan mutum huɗu na gaba su matsa wa kwatabak ba tare da an turo musu taimako daga baya ba. Haka aka yi wa Mahomes. Idan huɗun nan suka gaza, dole Fangio ya janyo mutane daga baya, bayan kuma shi ne wurin da aka rasa Slay da Gardner-Johnson.

Musayar Gardner-Johnson ita ce ban gamsu da ita ba. Ya kama ƙwallon abokan hamayya sau shida a 2024, kuma abin da aka karɓo a madadinsa, Kenyon Green, bai taɓa tabbatar da kansa a Houston ba. An yi ta ne don rage nauyin albashi, wannan a fili yake.

To su wa aka riƙe?

Zack Baun ne na farko. Labarinsa abin mamaki ne: a 2024 ya zo daga New Orleans Saints a kan dala miliyan 3.5 na shekara ɗaya, ana ganin ɗan cike gurbi ne. Fangio ya mai da shi tsakiyar tsaro, ya gama kakar cikin gwarzayen gasar na sahun farko. Kafin a buɗe kasuwa aka ba shi miliyan 51 na shekara uku. Saquon Barkley an ƙara masa shekara biyu a kan miliyan 41.2, ya zama mai ruga da ƙwallo na farko a tarihin gasar da ya haura miliyan 20 a shekara. Cam Jurgens, wanda ya gaji Jason Kelce a tsakiyar katangar da ke kare kwatabak, ya sami miliyan 68 na shekara huɗu. An tsawaita wa Lane Johnson, an sasanta da Dallas Goedert ya zauna, shi ma koci Nick Sirianni an sabunta masa a watan Mayu.

Duba jerin da kyau za ka ga tsarin Howie Roseman, babban manajan ƙungiyar. Ban da Baun, duk manyan kuɗin suna ɓangaren kai hari: kwatabak Jalen Hurts, A.J. Brown, DeVonta Smith, Barkley, Jordan Mailata, Landon Dickerson, Johnson, Jurgens. Tsaro kuwa an bar wa samari masu kwantiragin farko, wanda doka ta ƙayyade kuɗinsa tun 2011. Quinyon Mitchell da Cooper DeJean, waɗanda aka ɗauko a lamba ta 22 da ta 40 a 2024, su biyun a haɗe ba sa cin abin da ƙwararren mai gadi ɗaya ke karɓa a kasuwa. DeJean ɗin nan shi ne ya kama jifan Mahomes ya ruga da shi har ya ci maki a Super Bowl, ranar da ya cika shekara 22.

Ta yaya albashin waɗannan manya duka ya shige ƙarƙashin iyakar?

Nan ne gwanintar take, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Kuɗin da aka ba ɗan wasa a hannu daban, abin da ake rubutawa a littafin iyakar albashi daban. Idan aka ba mutum albashin shekara, duka ake lissafa shi a wannan shekarar. Amma idan aka ba shi a matsayin kuɗin sa hannu, doka ta yarda a raba lissafin a kan shekarun kwantiragin, har shekara biyar. A ce an ba ɗan wasa miliyan 50 yau: kuɗin ya shiga asusunsa gaba ɗaya, amma a littafi miliyan 10 ce kawai ke fitowa kowace shekara.

Eagles ta kai wannan dabara maƙura. Tana biyan manyanta ƙaramin albashi na asali, sauran ta zuba shi a kuɗin sa hannu da makamantansa da ake sabuntawa shekara-shekara. Tana kuma liƙa wa kwantiragi shekarun bogi a ƙarshe, shekarun da kowa ya san ɗan wasan ba zai buga su a kan wannan takarda ba, don kawai a sami inda za a shimfiɗa lissafin. Shi ya sa Hurts, wanda ya sa hannu a kan miliyan 255 na shekara biyar a Afrilun 2023, wato miliyan 51 a shekara, abin da ke kansa a littafin 2025 bai kai rabin haka ba.

Ba kowane mai ƙungiya ke yarda da wannan ba, domin yana buƙatar a fitar da tsabar kuɗi masu yawa tun da wuri. Lurie yana fitarwa.

Wannan ba cin bashi ba ne? Ba ranar biya?

Bashi ne, kuma akwai ranar biya. Duk lokacin da ɗan wasa ya bar ƙungiya, ragowar lissafin da aka tura gaba yana dawowa ya faɗo kan littafi, ƙungiya ta riƙa ɗaukar nauyin mutumin da ba ya sa rigarta. Eagles ta ɗanɗana wannan a 2021, lokacin da ta sayar da Carson Wentz ga Indianapolis ta haɗiye miliyan 33.8, adadin da ba a taɓa gani ba a wancan lokacin.

Hujjar Roseman ita ce iyakar albashi tana hawa kusan kowace shekara. A 2023 miliyan 224.8 ce, cikin shekara biyu ta ƙaru da fiye da miliyan 54. Kuɗin da ya yi nauyi yau, bayan shekara huɗu ya zama ƙaramin kaso. Kamar mai karɓar kaya bashi ne a lokacin da kuɗi ke rage daraja: idan ya zo biya, ya ci riba. Lissafin yana tafiya muddin abu biyu sun tsaya, wato kuɗin talabijin ya ci gaba da hawa, waɗanda aka ɗora wa bashin kuma su ci gaba da wasa mai kyau. Sau ɗaya iyakar ta faɗi a 'yan shekarun nan, a 2021 bayan annobar korona. Haɗarin da ya fi kusa shi ne na biyu: a 2025 Lane Johnson shekararsa 35, Barkley 28, kuma a gurbinsa 28 ba yarinta ba ce.

Yaya ake zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma wa Eagles ta samu a 2025?

Kowace shekara a watan Afrilu ƙungiyoyi suna zaɓar 'yan wasan jami'o'i bi da bi, zagaye bakwai. Wadda ta fi shan kashi ita ke fara zaɓa, mai kofi ita ce ta ƙarshe. A 2025 an yi taron a Green Bay daga 24 zuwa 26 ga Afrilu. Eagles na da lamba ta 32, sai ta ba Kansas City wani zaɓi na zagaye na biyar ta matsa zuwa 31, ta ɗauki Jihaad Campbell na jami'ar Alabama. Rabon ƙungiyar da ɗaukar ɗan tsakiyar tsaro irinsa a zagayen farko tun 1979. Campbell ya faɗo har wannan wuri ne saboda tiyatar kafaɗa da aka yi masa, kuma ana buƙatarsa, tunda Nakobe Dean ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan Green Bay na Janairu.

A zagaye na biyu aka ɗauki Andrew Mukuba na jami'ar Texas, haifaffen Zimbabuwe, wanda zai yi takarar gurbin Gardner-Johnson da Sydney Brown. Zaɓi biyar na farko duka masu tsaro ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ƙungiyar ta san tana da rami.

An ce akwai ladan da ƙungiya ke samu idan ta rasa 'yan wasa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Idan waɗanda suka bar ka a kasuwa sun fi waɗanda ka sayo yawa da tsada, gasar tana ba ka ƙarin zaɓi a shekara mai zuwa, tsakanin zagaye na uku da na bakwai, iyaka huɗu. Wanda aka sallama kamar Slay ba ya shiga lissafin, sai wanda kwantiraginsa ya ƙare da kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Roseman ya kame hannu a Maris, ya tsaya kan ƙananan kwantiragi. Tafiyar Williams da Sweat za ta dawo masa da zaɓuɓɓuka a 2026, kuma Roseman mutum ne da ke mai da zaɓi kuɗin ciniki. Da haka ya sayo A.J. Brown daga Tennessee a daren zaɓen 2022. Kada wani ya yi mamaki idan ya sayo mai kamo kwatabak kafin a rufe musaya a farkon Nuwamba.

Roseman ba ya kuskure ne?

Yana yi. A 2020 ya ɗauki Jalen Reagor a lamba ta 21, Minnesota ta ɗauki Justin Jefferson a ta 22. Har yau magoya baya ba su bar masa wannan ba. Huff kuma an ba shi miliyan 51 a 2024, ya gama kakar ko rigar wasa bai sa ba ranar Super Bowl. Abin da za a yaba masa shi ne ba ya riƙe kuskure don kunya. Da ya ga abu bai yi ba sai ya sayar ya ɗauki asarar.

Mutum nawa ake shiga sansani da su, nawa za su rage?

Har 90 ake shiga da su. Ranar 26 ga Agusta, 2025, kowace ƙungiya za ta rage zuwa 53. Bayan haka akwai rukunin 'yan atisaye 16, da ƙarin gurbi ɗaya ga ɗan wasan da ya fito daga wajen Amurka. Guraben da ake kokawa a kai a Filadelfiya ba su da yawa: mai gadi na biyu tsakanin Kelee Ringo da Adoree' Jackson, abokin Reed Blankenship a can baya, sai wanda zai gaji Becton, inda Tyler Steen ke kan gaba. Wannan na ƙarshe bai tayar wa kowa hankali ba, saboda Jeff Stoutland, wanda ya zama kocin katangar a 2013. Shi ne ya ɗauki Mailata, ɗan Ostareliya mai wasan zari-ruga da bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba kafin a zaɓe shi a zagaye na bakwai na 2018, ya mai da shi ɗaya daga cikin mafiya ƙwarewa a gurbinsa.

Tafiyar Kellen Moore fa?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba, alhali ta fi wasu muhimmanci. Moore, mai tsara kai hari, ya zama babban kocin New Orleans kwanaki kaɗan bayan kofin. An ɗaga Kevin Patullo, na hannun daman Sirianni, wanda kafin 2025 bai taɓa riƙe wannan aiki a NFL ba. Shi ne na huɗu cikin shekara huɗu da zai riƙa faɗa wa Hurts abin da za a buga, bayan Shane Steichen, Brian Johnson da Moore.

Masu dogon tunani sun ga irin wannan. Bayan Eagles ta sha kashi a Super Bowl na Fabrairun 2023, Steichen ya tafi Indianapolis, kocin tsaro Jonathan Gannon ya tafi Arizona, aka ɗaga Brian Johnson daga cikin gida. Ƙungiyar ta ci wasa 10 cikin 11 na farko, sannan ta rushe, ta ci ɗaya kacal cikin shida na ƙarshe, Tampa Bay ta kore ta da ci 32 da 9. Bambancin 2025 shi ne Fangio yana nan, kuma goma cikin 'yan wasa goma sha ɗaya na kai hari sun dawo. Patullo ba shi da uzuri. Aikinsa mai wuya shi ne gyara jifa, domin a 2024 ƙungiyar ta jingina da gudun Barkley har A.J. Brown ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa a Disamba.

An hana turin nan da suke yi wa Hurts?

Ba a hana ba. Green Bay ce ta kawo ƙudurin a haramta salon da 'yan wasa ke tura Hurts ta baya idan ana neman yadi ɗaya. A taron masu ƙungiyoyi na watan Mayun 2025 ƙuduri ya sami ƙuri'a 22, ana buƙatar 24. Kelce da kansa ya je ya yi bayani. Da wannan salon aka ci makin farko a Super Bowl.

Barkley zai maimaita abin da ya yi a 2024?

Da wuya. Ya ruga yadi 2,005 a wasa 16, aka hutar da shi a na ƙarshe duk da yana dab da tarihin Eric Dickerson na yadi 2,105 da ke tsaye tun 1984. Idan aka haɗa da wasannin neman kofi ya kai 2,504, wanda ba a taɓa yi ba. Mutum tara ne suka taɓa kai 2,000 a kaka ɗaya, kuma ba wanda ya yi sau biyu. Ya ɗauki ƙwallo sau 345 kafin ma a shiga Janairu, jiki kuwa ba ƙarfe ba ne. Ƙarin kuɗin da aka yi masa na fi ganinsa a matsayin tukuici da saƙo ga sauran 'yan wasa cewa wanda ya yi aiki za a saka masa. Idan ya tsaya a yadi 1,300 yana da lafiya a Janairu, ƙungiyar ta ci riba.

To ina ake sa ran za su ƙare?

A takarda, a Yulin 2025, su ne suka fi kowa cika a NFC, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar. Amma rukuninsu na ƙungiyoyi huɗu, NFC ta Gabas, yana da wata al'ada: tun da Eagles ta ci shi sau huɗu a jere daga 2001 zuwa 2004, har zuwa kakar 2024 ba ƙungiyar da ta sake cin NFC ta Gabas shekara biyu a jere. Washington, wadda suka doke 55 da 23 a wasan shiga Super Bowl, tana da Jayden Daniels a kan kwantiragi mai araha, ta kuma ƙaro Laremy Tunsil da Deebo Samuel. Dallas ta naɗa Brian Schottenheimer koci ta sayo George Pickens. Giants na sake gini da Abdul Carter da Jaxson Dart, ba a 2025 za ta dami kowa ba.

Hasashena na kakar 2025 shi ne nasara 11 ko 12 cikin wasa 17, ƙasa da 14 na 2024, kuma su karya waccan al'ada su riƙe rukunin. Kare kofin kansa wani zance ne daban. A wannan ƙarni New England da Kansas City kaɗai suka yi. Watan farko zai faɗi abubuwa da yawa game da Patullo da samarin gefen layi: Dallas a gida ranar Alhamis 4 ga Satumba, wanda a Najeriya da Nijar zai kama ƙarfe 1:20 na dare, wayewar Juma'a, sai tafiya Kansas City, sai Los Angeles Rams da suka kusa fitar da su cikin dusar ƙanƙara a Janairu, sannan Tampa Bay a gidanta.